Harafi Ɗaya Tak Kafin Ka Tafi Ƙasar Sin

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini takardunka sun fito, bayan salla za ka bi masu zuwa sari ƙasar Sin. Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Ta kuma ce ka sayi littafin koyon Sinanci, ka buɗe ka ga yadda rubutun yake, sai ka rufe ka ce ai waya tana fassara, ga kuma tafinta ko'ina a Gwanzu. A kan wannan maganar nake so ka ba ni aron kunnenka. Ba na neman ka zama malamin Sinanci. Abin da nake roƙo ƙarami ne: ka ɗauki harafi guda, ka koye shi da hannunka har ya zauna, ka san yadda ake furta shi, ka san inda ake sa shi da inda ba a sawa. Wanda na zaɓa maka shi ne wannan: 贵.

A rubutun boko na Sinawa, wanda suke kira pinyin, ana rubuta shi gui, amma a baki yana fita kamar "gwei". Ma'anarsa ta farko ita ce tsada. Duk ɗan kasuwar da ya taka Gwanzu ko Yiwu, kafin ya iya tambayar hanyar masallaci ya riga ya iya cewa "tai gui le", wato ya yi tsada da yawa. Kai ma za ka iya cikin kwanakin farko. Abin da yake damuna shi ne, mutanenmu da yawa sun tsufa suna faɗin wannan magana, amma da za a rubuta musu 太贵了 a takarda ba za su gane ita ce ba.

Na san abin da ya tsorata ka. An ce maka haruffan dubbai ne, kuma gaskiya ne. Jerin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 yana ɗauke da haruffa 8,105, a ciki 3,500 su ne na yau da kullum da ake koya wa yara a makaranta. Wanda ya ji wannan adadi sai ya zaci kowane harafi zane ne mai zaman kansa da za a haddace daban. Ba haka abin yake ba. Haɗa su ake yi daga wasu 'yan gaɓoɓi da suke ta maimaituwa. Ƙamus ɗin da aka kammala a 1716 zamanin Sarki Kangxi ya tsara dukan haruffansa ne a ƙarƙashin tushe 214. Saboda haka idan ka san harafi ɗaya ciki da bai, ba shi kaɗai ka samu ba, ka samu danginsa.

Wanda ya koya mini wannan wani dattijo ne mai riƙe da littafin lissafi a siton da muke tara kaya kafin a loda kwantena. Ba ya jin Turanci, ni kuma a lokacin Sinancina bai wuce na ciniki ba. Ya lura ina yawan kallon hannunsa idan yana cike rasit, sai wata rana ya yago bayan kwali, ya zana murabba'i, ya raba shi huɗu da layi biyu, ya rubuta 贵 a ciki a hankali yana ƙirga kowane ja da baki. Irin wannan murabba'in ne a littattafan 'yan firamare a can, suna ce masa tian zi ge, saboda ya yi kama da harafin 田 mai nufin gona. Ka nemi irin wannan littafi, ko ka zana naka da rula. Amfaninsa shi ne ya nuna maka tsakiyar harafi, don kowane harafin Sinanci, komai yawan zanensa ko ƙarancinsa, fili ɗaya yake ci da ɗan'uwansa.

Ga yadda ake yi, ka ɗauki biro ka bi ni. Ja tara ne. Ka fara daga sama. Na ɗaya, gajeren layi a tsaye ta hagu. Na biyu, daga kan wannan layin ka ja zuwa dama, ka karya ka sauko, ba tare da ka ɗaga biro ba. Wannan ja ɗaya ne, ba biyu ba, kuma a nan yawancin masu koyo suke ɓata ƙirgensu. Na uku, layi a kwance ya rufe ƙasan, ka sami ɗan akwati mai faɗi, ba mai tsayi ba. Na huɗu, layi a tsaye da ya faro daga saman akwatin ya ratsa tsakiyarsa ya ɗan fito ta ƙasa. Na biyar, dogon layi a kwance wanda na huɗun zai tsaya a kansa. Shi ne mafi tsawo a harafin duka, shi yake raba sama da ƙasa, idan ya karkace komai ya karkace. Rabin sama ke nan. Sai ƙasa: na shida, layi a tsaye ta hagu. Na bakwai, ka sake ja zuwa dama ka karya ka sauko, amma wannan akwatin ba a rufe ƙasansa. Na takwas, daga cikin akwatin ka sauko a tsakiya ka lanƙwasa zuwa hagu, ƙarshensa yana sirancewa. Na tara, ɗigo mai ɗan tsawo da ya kwanta zuwa dama. Shi ke nan.

Za ka ce, baffa, tunda a ƙarshe surar ɗaya ce, mene ne ruwan wani da inda na fara? Ni ma na yi wa dattijon wannan tambayar da nuni, ya amsa mini da aiki. Ya ɗauko rasit ɗin da wani direba ya rubuta cikin sauri, inda layukan suka sarƙe da juna har ba ka ganin akwati ko ɗaya, ya bi zanen da ɗan yatsa, sai ga shi biron ya bi hanyar nan ta ɗaya zuwa tara bai kauce ba. Mai sauri yana haɗe ja da ja, amma bisa tsarin yake haɗewa. Wanda hannunsa ya san tsarin zai karanta rubutun sauri, wanda ya haddace sura kawai sai rubutun inji. Kuma takardun da za su shafi kuɗinka a sito da wurin lodi, da yawansu da hannu ake rubuta su a tsaye. Ban da wannan, ƙamus na takarda da ƙirgen ja ake neman harafi a cikinsa, idan ka ƙirga goma a inda tara ne ba za ka same shi ba. Ƙa'idojin ba su da yawa: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, na kwance kafin na tsaye idan sun gitta juna kamar a 十, sai a shiga ciki a gama kafin a rufe ƙofa kamar a 国. Akwai wuraren da ake saɓa musu, za ka tarar da su a kan hanya.

Abu ɗaya ka kiyaye, kai da ka yi makarantar allo. Hannunka ya saba jan layi daga dama zuwa hagu, kuma idan ka shagala can zai koma. A Sinanci layin kwance daga hagu yake tashi, kullum. Amma makarantar allon ta ba ka abin da ya fi wannan amfani. Ka san yadda ake rubuta abu a wanke, a sake rubutawa a wanke, har hannu ya riga tunani. Haka su ma suke koyo. Yaransu suna bin sawun haruffan da aka buga da jan tawada, su ɗora baƙi a kai, shafi bayan shafi. Tsofaffinsu kuma za ka gan su da sassafe a lambunan shaƙatawa, riƙe da dogon buroshi da bokitin ruwa, suna rubutu a kan daɓe, rana ta busar su sake. Ban taɓa wuce irin waɗannan dattawa ban tsaya ba. Mutum ya haura saba'in, ya iya harafin nan tun yana yaro, amma bai ɗauka ya gama da shi ba.

Yanzu dubi rabin ƙasan nan da ka rubuta da ja huɗu na ƙarshe: 贝. Shi ma harafi ne mai zaman kansa, ana ce masa bei, kuma hoton wuri ne. Wurin da ka sani, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi. Fiye da shekara 3,000 da suka wuce, zamanin daular Shang, wuri dukiya ce a ƙasar Sin. A 1976 an tono kabarin Fu Hao, matar Sarki Wu Ding, a kusa da birnin Anyang, aka sami wuri kusan 7,000 an binne tare da ita, ban da kayan tagulla da duwatsu masu daraja. A rubuce-rubucen wancan zamani da aka sassaƙa a kan ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru, harafin yana nan da tsagar cikin wuri da 'yan haƙoransa. Xu Shen, wanda ya tsara babban ƙamus ɗinsa wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana cewa mutanen da da wuri suke ciniki, sai a zamanin daular Qin aka daina aka koma kuɗin ƙarfe. Wurin ya tafi daga kasuwa, amma ya zauna a rubutu. Mu ma haka ya faru da mu a baki, tunda kuɗi jam'in wuri ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ake canza dalar azurfa guda. Ba don labari ya yi daɗi na kawo maka wannan ba. Na kawo ne don Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane me ya sa harafin tsada yake zaune a kan wuri, kuma abin da ka gane dalilinsa ba ya saurin fita daga kai.

Daga nan sai ka buɗe ido a kasuwa. Duk inda ka hango 贝 a ƙasan harafi ko a gefensa na hagu, ka yi zaton maganar kuɗi ce, galibi za ka dace. 货, huo, kaya ne na sayarwa. 费, fei, kuɗin da ake biya na aiki, kamar na dako ko na jirgi. 账, zhang, lissafi ko asusu. 财, cai, dukiya. 赚, zhuan, cin riba. 赔, pei, asara ko biyan diyya. 购, gou, saye. Har ɓarawo, 贼, da wurinsa a gefe. Takardar sari guda ɗaya za ta iya zuwa ɗauke da huɗu ko biyar daga cikinsu. Ja huɗu ka koya, ga inda suka kai ka.

Akwai biyu da nake so ka tsaya a kansu sosai, don su kansu Sinawa suna gargaɗin juna game da su: 货 da 贷. Ka dube su da kyau. Hagu ɗaya ne, ƙasa ɗaya ne, bambancin yana sama ta dama kawai. Na farko ja takwas, na biyu ja tara. Na farko kaya, na biyu, dai, rance. Idan aka ƙara musu 款, sai 货款 ya zama kuɗin kaya, 贷款 kuma ya zama bashin da aka karɓa. Takardar da ta ce ka biya kuɗin kaya da wadda take maganar rance ba abu ɗaya ba ne ranar da aka sami saɓani. Idon da bai taɓa rubuta su ba, ɗaya yake ganinsu. Haka kuma 贝 da 见, wanda yake nufin gani: ja uku na farko kusan iri ɗaya ne, na ƙarshen ne ya raba su, ɗaya ɗigo, ɗaya ƙafa mai lanƙwasa da ƙugiya. Hannu ne yake koya wa ido irin wannan bambanci.

Idan hanya ta bi da kai Hong Kong ko Taiwan, za ka ga an rubuta shi 貴, ja goma sha biyu. Shi ne dai, tsohuwar surarsa ce. A 1956 gwamnatin Beijin ta fara sauƙaƙa haruffa don yaƙi da jahilci, su kuma can suka riƙe na gargajiya. A tsohon rubutun har saye da sayarwa, 買 da 賣, suna da wuri a ƙasa. Sabon rubutun ne ya cire shi ya mai da su 买 da 卖. Mutanen Gwanzu na asali kuma suna da nasu harshen, Kantonanci, a bakinsu harafin nan yana fita kusa da "gwai". A Gwanzu furuci ya bambanta, amma rubutu bai bambanta da na Beijin ba, shi ya sa takarda da biro suke raba gardama a inda baki ya kasa.

Sai batun furuci, kuma a nan Allah ya ba ka abin da Bature bai samu ba. Sinancin Beijin yana da karin sauti huɗu: mai tsayawa a sama, mai hawa, mai nutsewa ya taso, da mai faɗowa. Hausa ma da karin sauti take aiki, ko da ba ma rubuta shi. Ka faɗi "kai" na kiran mutum, sannan ka faɗi "kai" na jiki, za ka ji na biyun ya faɗo daga sama zuwa ƙasa. Wannan faɗowar ita ce karin 贵. Ka furta shi yadda kake furta "rai". Idan ka bar muryarka ta nutse ta taso, ka faɗi wani harafi ne daban, 鬼, wato fatalwa, kuma ba kalma ce da ake so a ji a wurin ciniki ba. Kunnenka ya riga ya iya rarrabe irin wannan tun kana goye, ka yi amfani da shi. Idan za ka ce abu yana da tsada, ka ce "hen gui". Babu tsada, "bu gui", kuma a nan bu ɗin hawa yake yi saboda na bayansa mai faɗowa ne. Idan kana neman ragi, "pianyi yidian", wato a ɗan sassauta.

Tunda mun zo kan ragi, bari in faɗa maka abin da yake ci mini rai. Akwai 'yan'uwanmu da "tai gui le" take fita daga bakinsu tun kafin su taɓa kayan. Su yi ta matsa wa mai masana'anta har ya yarda da farashin da kowa ya san ba zai fitar da kaya mai kyau ba. Shi kuma ba zai yi asara ba, zai rage zare, ya rage rini, ya rage kauri. Kaya su iso Kantin Kwari, talaka ya saya, wanki biyu su koɗe, a ce kayan Sin ba su da aminci. Wani lokacin laifin nasu ne, ban wanke su ba, amma sau da yawa abin da muka yi oda shi aka ba mu. Suna da magana a kasuwa, "yi fen qian, yi fen huo", wato gwargwadon kuɗinka gwargwadon kayanka. Mu kuma mun ce araha ba ta ado. Ka duba kaya tukuna, ka san farashinsa a shago uku, sannan ka ce ya yi tsada idan da gaske ya yi.

Harafin yana da aiki na biyu, wanda mafi yawan 'yan kasuwarmu ba su sani ba, kuma shi ne ya fi buɗe ƙofa. Ana girmama mutum da shi. Idan ka haɗu da babba a karon farko, ba ka tambayar sunansa kai tsaye. Cewa za ka yi "nin gui xing", 您贵姓, wato kana tambayar sunan gidansu mai daraja. A wasiƙar kasuwanci za ka ga 贵公司, kamfaninku mai daraja. Jami'ai suna cewa 贵国 idan suna nufin ƙasar baƙonsu. A banki da filin jirgi za ka ga 贵宾 a ƙofar ɗakin manyan baƙi. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce, na wani ake ɗora wa 贵, ba naka ba. Idan aka yi maka wannan tambayar, mai ladabi yakan fara da "mian gui", wato a ajiye girmamawar, sannan ya ce "xing" ya faɗi sunan. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin yaron da aka koya wa ya ce "ranka ya daɗe" ga wani, bai taɓa cewa ga kansa ba. Na ga yadda fuskar tsohon mai masana'anta take sakewa idan baƙo baƙar fata ya yi masa wannan tambayar daidai, ya miƙa katinsa da hannu biyu. Ba zai rage maka ko kwabo saboda haka ba, kada ka sa rai. Amma daga ranar ya san da wanda yake magana, kuma irin wannan mutumin ne zai kira ka ya gaya maka gaskiya idan an sami matsala a kayanka kafin a rufe kwantena.

Ban ce ka jefar da waya ba, ban ce ka sallami tafinta ba. Za ka bukace su, kuma a cikin tafintocin akwai yaranmu masu karatu a jami'o'in can, masu amana, ka biya su haƙƙinsu cikakke. Amma zuwa da kai ya fi aike. Wanda ba ya gane ko harafi ɗaya a takardar da zai sa wa hannu, ya miƙa dukiyarsa da ta waɗanda suka ba shi amana ga idon wani. Su ma Sinawa sun ga abin da waya take yi wa hannu. Tun da aka koma danna pinyin inji ya zaɓo harafi, sai mutane suka fara ɗaukar biro su rasa yadda ake rubuta kalmar da suke karantawa kullum. Har suna suka ba wannan mantuwar, tibi wangzi. A 2013 gidan talabijin na ƙasar ya fara gasar shifta ta haruffa tsakanin 'yan makaranta, jama'a suka yi ta kallo suna gwada kansu a gida. Idan masu harshen suna tsoron hannunsu ya manta, kai baƙo da me za ka riƙe abin da ba ka taɓa rubutawa ba?

Saboda haka ga abin da za ka yi tsakanin yanzu da ranar tafiya. Kullum bayan sallar asuba ka cika layi biyu ko uku da 贵, a hankali, kana ƙirgawa kana furtawa da karinsa. Kada ka cika shafi goma rana ɗaya ka bari mako guda. Kaɗan mai ɗorewa ake so. Idan ya zauna, ka rufe littafin ka rubuta shi da ka, washegari ka sake gwadawa kafin ka duba. Sai ka wuce zuwa 货, sai 贷, ka ajiye su gefe da gefe har ka daina ruɗa su, sannan 费 da 账. Kwalayen kayan Sin sun cika shagon babanka, ka riƙa duba jikinsu kana neman wurin nan. Idan ka isa can kuma, ka nemi dattijo a sito ko a shago, ka nuna masa rubutunka, ka ce masa "laoshi", wato malam, ka roƙe shi ya gyara maka. Kafin ka tashi ka biyo ta gida da littafin naka in gani.